Jan Inji Mai Baki Biyu

Malam Tsoho ya dawo Ƙauran Namoda ana shirin yankan dawa, shekara ta dubu biyu, da riga ɗaya a jikinsa da wata a cikin leda. Shekara goma sha ɗaya ya yi a birnin Tarabulus na ƙasar Libiya, tara daga ciki a tsaye bayan kantar wani gidan shan gahawa. Da rikici ya tashi aka shiga farautar baƙaƙen fata a tituna, sai aka cinna wa ɗakin da suke haya wuta, akwatinsa da duk abin da ya tara suka ƙone. Sati uku suka yi a wani fili da aka zagaye da waya, daga nan aka loda su a jirgi aka sauke su a Legas.

Matarsa Tasalla ba ta yi kuka ba da ta gan shi. Tabarma ta shimfiɗa masa, ta dama fura ta kawo, ta koma bakin ƙofa ta zauna tana dubansa. Sau biyu kacal ya leƙo gida a duk shekarun nan, kuma tun da aike ya fara ja da baya, ita ta riƙe kanta da 'yarsu Nusaiba da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Garin ma ya sauya masa. Ya tafi yana ɗan Jihar Sakkwato, ya dawo ya iske shi ɗan Zamfara ne. An ƙaddamar da Shari'a, gidajen giya duk an rufe su, har motocin haya na mata daban aka fito da su.

Wata biyu ya yi yana zaman ƙofar gida. Masu zuwa jaje in sun gama addu'a sai su tambaye shi sana'ar da ya koyo a can. In ya ce gahawa yake haɗawa, su ce, "To, mai shayi ke nan. Allah shi sa albarka." Da farko yakan buɗe baki zai yi bayani. Daga baya ya daina.

Wanda ya tashe shi daga wannan zama shi ne Alhaji Abbati, ɗan kawunsa, ɗan kasuwar hatsi da kwangilolin sabuwar jiha suka ɗaga. Wata rana da hantsi ya zo da mota ya ɗauke shi, suka tsaya gaban wani gini kusa da tashar jirgin ƙasa. Tsoho ya gane wurin. Mashaya ce a da, mai ita ya sayar ya koma kudu. Babu komai a ciki sai saƙar gizo da doguwar kanta ta siminti.

"Na saye shi," in ji Alhaji, "kuma na rasa abin da za ni yi da shi, sai da nit tuna da kai. Da nit tahi Umara na sha wani abu Jidda, cikin ɗan kohi ƙarami, baƙi ƙirin. Yini guda ban ji kasala ba. Shi kaka yi?"

"Shi na," in ji Tsoho. "Can esfireso aka ce mishi."

"To ga ma'aikata sun cika gari, ga 'yan kwangila, ga 'yan siyasa, ba su da wurin zama na mutunci. Ni da gida da kuɗɗi, kai da hannu. Mi kag gani?"

Tsoho ya shafa kantar nan da tafin hannunsa. "Ba a yin shi da buta, Alhaji. Sai da inji mai tura ruwan zahi da ƙarhi ta cikin garin gahawa, shi ɗigo da kauri, da jar kumhwa bisa kai."

"Inji ba shi gagara. Ɗanasabe mai kayan gwanjo na Shinkahi ya kwaso kayan wani otal da anka ruhe Kwatano, ta Maraɗi sunka shigo. Ya ce akwai wasu injuna ciki da ba wanda ya san aikinsu. Alhamis mu tahi ka duba."

Da ya koma gida ya tarar Tasalla tana matse tunkuza a tsakar gida. Ya tsuguna kusa da ita ya yi ta magana, irin maganar da bai yi ba tun da ya dawo. Ta bari ya kai aya, sannan ta ce, "Wa za ya sha?"

"Za su koya. Ni ma koyo niy yi."

"To wane iri za ka ɗauko?"

Ya ɗaga yatsu yana lanƙwasawa ɗaya bayan ɗaya. "Garin ga wuta ba ta tsayawa, in ta zo ma ba ta da ƙarhi. Ruwanmu na rijiya na, ko cikin buta yana barin hwarin ɓawo, bale cikin inji. Babu mai gyara kusa. Masu sha kuma ba za su yi yawa ba da hwarko. Don haka madaidaici za ni nema, mai sauƙin ciki, wanda in ya ɓaci ni da kaina in kwance shi in ɗaure."

Tasalla ta yarfe man da ke hannunta cikin kwano. "Magana ta yi kyau, Malam. Allah shi sa can ma hakanan za ka ce."

Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ta cika ta batse, shanu da raƙuma da manyan motoci duk sun toshe hanya, sai da suka bar motar nesa suka taka. Sito ɗin Ɗanasabe yana bayan kara, cike da firji da kujerun ƙarfe da manyan tukwane. Ya ja su har ƙuryar ciki, ya nuna musu injuna biyu a ƙasa.

Na farko ƙarami ne, rabinsa roba. Tsoho ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ajiye. "Wanga na gida na, na mutum guda da matatai. Kohi biyu, sai a jira shi huta. Ba shi ɗaukar kasuwa."

Na biyu tsoho ne tukuf, gefensa ya lotsa, fentinsa ya kaɗe. Baki ɗaya gare shi, da wata doguwar sanda ta ƙarfe a sama. Tsoho ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ga murhun gas. Ya kwance murfin baya, ya ga tukunyar jan ƙarfe mai kauri, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ta amsa lafiya. Ya kama sandar ya jawo ta ƙasa, ya sake ta, ta koma sama a hankali da ƙarfinta. Babu famfon lantarki a cikinsa, babu waya ko ɗaya. Damtsen mutum ne ke ba shi matsi. Tun kafin ya miƙe tsaye ya riga ya sani: wannan shi ne injin Ƙaura. Ko wuta ta shekara ba ta zo ba, ba ruwansa.

"Wanga tsohon ƙarhe na," in ji Ɗanasabe. "In kuna so ku ba ni abin da ya samu. Amma ku tsaya ku ga babban."

Ya yaye wata tamfal a kan tebur.

Ja ne wur, gefunansa farin ƙarfe mai ɗaukar ido, tsawonsa ya kai kamu biyu, da baki biyu, da 'yan agogon awo guda biyu a gaba. Tsoho ya tsaya cak. Irinsa ne sak da wanda ya yi shekara tara a bayansa. Bai san lokacin da ya zagaya ta wancan gefe ba. Hannunsa na dama ya kama mariƙin ludayin gari, ya murɗa ya cire, ya kai hanci. Ƙanshin tsohuwar gahawa na nan bai gushe ba. Nan take ya ga safiyar Tarabulus, maza masu kwat sun jeru gaban kanta, kowa na jira ya kai gare shi, mai gidan na zaune bakin ƙofa ya sakar masa komai. A titi an kira shi da sunayen da ba ya son tunawa, amma a bayan wannan inji ba wanda ya taɓa kiransa da wani suna sai nasa.

Ya kuma san abin da ke cikinsa. Famfon lantarki ne mai son wuta tsayayya, da 'yan siraran bututu da ruwa mai ɓawo kan toshe, da ƙatuwar tukunya da aka yi don wurin da ake sayar da ɗaruruwan kofi a yini.

"To, gwani," in ji Alhaji, "ni ban san komi ba nan. Abin da kac ce shi za a yi. Wane?"

Tsoho ya dubi tsohon injin a ƙasa. Ya dubi ludayin da ke hannunsa.

"Jan," ya ce.

"Wuta hwa?"

"A sa janareto."

"In ya ɓaci?"

"Irin wanga ba shi ɓaci. Shekara tara ina aiki da ɗan'uwanai, ko sau ɗai bai tsaya ba."

Bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙara da cewa wutar can da ruwan can ba irin na nan ba ne. Alhaji, wanda dama jan ya fi cika masa ido, ya ce a ɗaure. Aka shimfiɗa katifa a bayan akori-kura aka ɗora shi. Tsoho ya ƙi shiga gaba, a baya ya zauna yana riƙe da shi har Ƙaura.

Aka yi wa ginin fenti, aka zuba kujeru, aka girke janareto a baya. Ƙwayar gahawa daga wurin wani Basudane a Kano aka yo odarta, Tsoho ya riƙa soya ta a kaskon Tasalla, tana mitar ya ɓata mata ɗanɗanon gyaɗa. Alhaji ya ɗauko Sadiƙ, wani mai shayi da ya shekara ashirin da teburinsa a tashar mota, ya ba shi gefe guda don burodi da ƙwai da shayin waɗanda suka fi son abin da suka saba. Mutum ne mai sanyin hali, kuma tun ranar farko yake ba Tsoho girmansa.

Ranar buɗewa wurin ya cika. Tsoho ya niƙa, ya danna, ya ɗaura, ya murɗa. Gahawa ta zubo siririya kamar zuma, da jar kumfarta, daidai yadda ake so. Hannunsa bai manta komai ba. Ya jera 'yan kofunan a kan kanta, mutane suka ɗauka suna juya su.

"Ina sauran?" in ji wani ɗan kwangila. "Wanga ai kurɓi ɗai na."

Wani ya kurɓa ya yamutsa fuska ya nemi ruwa. Wani ya tsoma burodi, burodin ya shanye duka. Wani ya ce a juye masa a babban kofi a cika da ruwa da madara. Tsoho ya ce ba haka ake shansa ba. Mutumin ya ce to ai shi zai biya, ya tashi ya koma gefen Sadiƙ.

Kafin sati ya zagayo magana ta bazu cewa a tsohuwar mashayar tasha ana sayar da wani baƙin abu a 'yan ƙananan kofuna, wanda ke sa zuciya bugawa, yana hana barci. Wata rana bayan Azahar sai ga Malam Mubashir, shugaban 'yan sa-kai masu sa ido kan bin Shari'a a unguwar, da mutum uku a bayansa. Ya yi sallama da ladabi, ya ce sun zo su gani da idonsu ne don kada a zalunci kowa. Jama'a suka taru a ƙofa da tagogi. Tsoho ya buɗe buhu ya nuna ƙwayar, ya niƙa a gabansu, ya haɗa, ya miƙa. Malam ya yi bisimilla ya kurɓa, ya ɗan rufe ido.

"Gahawa ta," ya ce da ƙarfi don na waje su ji. "Na sha irinta Madina. Halas ta, babu shakka ko kaɗan. Duk wanda ya ce giya ta, shi ji tsoron Allah." Ya ajiye kofin, ya dubi Tsoho yana murmushi. "Amma Malam Tsoho, wanda ad da iccen maɗaci bayan gida, mi za ya kawo shi nan?"

Wurin ya ɗauki dariya. Malam bai yi nufin cin fuska ba, har addu'ar albarka ya yi kafin ya fita, amma maganar ta bi gari. Daga ranar in Tsoho ya wuce majalisa sai ya ji an ce, "Ga mai maɗaci nan."

Duk da haka ya samu nasa mutanen. Akwai Baba Anas, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya, wanda kullum bayan ya karya yake zuwa ya sha biyu a tsaye. Akwai wani malamin makaranta da ya yi karatu a Sudan, da ma'aikatan asibiti biyu, da wasu 'yan ƙalilan da suka fara don gwaji suka zarce. Kofi ashirin a yini, ranar sa'a talatin. Tsoho ya san tsohon injin can mai sanda zai yi wannan da tukunyar gas guda har wata, kuma wurin ya riƙe kansa, masu sha su riƙa ƙaruwa sannu a hankali. Shi kuwa jan, kafin ya ba da kofi ashirin ɗin nan, sai an dafa ƙatuwar tukunyarsa tun safe, janareto na ruri har yamma. Da Alhaji ya ga man da ake ƙonawa, ya ce duk lokacin da aka kawo wuta a kashe janareto. Tsoho ya so ya yi musu, ya tuna shi ya ce injin ba ya ɓaci, sai ya bi umarnin.

Wutar na zuwa ne kamar mai ciwo, ƙwan fitila ya yi ja ya dushe. Famfon ya fara wani kuka da Tsoho kaɗai ke ganewa. Ruwa kuwa, duk da yana tace shi da ƙyalle yana dafawa ya kwana, farin ɓawo ya riƙa taruwa a bakunan injin. Kowace Juma'a da safe ya kwance abin da zai iya kwancewa ya jiƙa a ruwan lemun tsami. Baki ɗaya ya toshe a wata na uku, ya ci gaba da ɗayan, bai gaya wa kowa ba.

Cikin zafin bazara, wata safiya Baba Anas na tsaye yana jiran kofinsa na biyu, Tsoho ya murɗa, famfon ya yi gurnani, ya yi tari, ya yi shiru. Wani wari na ƙonanniyar waya ya tashi. Baba Anas ya shaƙa, ya girgiza kai.

"Na san wanga wari, ɗana. In inji ya yi shi, sai haƙuri."

Aka ɗauko wani mai gyaran firji daga Gusau. Ya buɗe, ya duba, ya ce famfon ya ƙone ƙurmus, kuma irinsa ko a Kano bai taɓa gani ba, sai dai a aika Turai. Abin da ya iya yi shi ne ya huda hanya ta sama yadda za a riƙa cika tukunyar da mazurari da safe kafin ta yi zafi. Don haka injin na dafa ruwa, yana fitar da tururi ta ɗan bututun gefe, amma babu matsin da zai tura ruwa ta cikin gari. Gahawa ta ƙare.

Alhaji ya ce zai sa a nemo famfon. Kwanaki suka yi ta tafiya. Tsoho na zuwa kullum ya goge injin ya zauna. Wata rana Sadiƙ ya matso da gwangwanin madara a hannu.

"Malam Tsoho, tunda tururin ga banza yaka tahiya, koya min yadda kaka yi ma madara ta tashi."

Tsoho ya yi kamar bai ji ba, sannan ya miƙe ya karɓa. Ya nuna masa yadda ake karkata moɗa, da inda bakin bututun zai tsaya, da sautin da za a saurara. Sau uku Sadiƙ ya gwada, a na huɗu ya iya. Ya haɗa shayi mai kauri a babban kofi, ya zuba sukari, ya kwarara madarar nan mai kumfa har ta yi tozo, ya miƙa wa wani direba. Direban ya sha, ya lashe leɓe, ya ce a ƙaro, ya leƙa waje ya kira abokansa.

Abin da gahawa ta kasa yi a wata biyar, shayin nan ya yi shi a sati biyu. Direbobin Shinkafi da Zurmi suka mai da wurin zango. Ma'aikata suka riƙa aiko da filas. Aka ƙaro benci a waje. Mutane na zuwa su tsaya su kalli jan injin yana huci, su ce ai dole shayinsa ya fi na kowa. Suka sa masa suna shayin Libiya. Yanzu janareto na ruri tun safe har yamma, Alhaji bai ƙara maganar mai ba, haka kuma bai ƙara maganar famfo ba.

Tsoho ya same shi a ofis ya ce, "Alhaji, tsohon injin nan na wurin Ɗanasabe, mai sanda. A ɗauko shi. Ba shi son wuta, ba shi da tsada. In aje shi ƙarshen kanta don mutanena."

"Mutanenka su nawa?" in ji Alhaji, ba da faɗa ba. "Ɗan'uwa, Allah ya buɗe muna ƙohwa ta inda ba mu zata ba. Mi za mu yi da wahala? Kai dai tsaya bayan injin ga ka taya Sadiƙ, mutane na son su ga ɗan Libiya da kainai. Rabonka na nan ba ya canzawa."

Alhamis ta gaba Tsoho ya shiga motar haya shi kaɗai ya tafi Shinkafi, da niyyar ya roƙi Ɗanasabe ya ajiye masa injin har ya samu hali. Ɗanasabe ya tafa hannu.

"Kash! Ai da kunka bar shi ba wanda ya ko taya. Watan jiya maƙera sunka saye shi don jan ƙarhen cikinai."

Ya kwatanta masa rumfar. Tsoho ya je. Maƙerin na zaune yana bugun wani abin hannu na mata, a gefensa ga sauran tukunyar an yanyanka ta falle-falle. Sandar na jingine da bango, an ɗaure mata tsumma ana tone wuta da ita. Maƙerin ya ɗago ya ce ko yana son munduwa ne, jan ƙarfen Turai ne mai kyau. Tsoho ya ce a'a, wucewa yake.

Da la'asar ya iso gida. Tasalla na tsince gyaɗa a faifai. Ya zauna a kan turmi, ya gaya mata duka: injin da ya gani ya san shi ne daidai, da wanda ya ɗauko, da tambayar da Alhaji ya yi masa, da amsar da ya bayar.

"Ba wanda ya tilasta ni," ya ce. "Na sani sarai. Ina kallon shi nib bar shi."

Tasalla ba ta ɗago ba. "Ranar da anka kawo shi ka shigo kana ba ni labarin launinai da ƙyallinai. Ban ji ka ce komi ba kan wuta, ko ruwa, ko mai gyara. Tun ran nan nis sani."

"Mi ya hana ki magana?"

"An riga an ɗaure, an kawo. Kuma kai na gwani." Ta ture faifan gefe. "Shekara goma sha ɗaya ina jiran ka dawo, Malam. Mutanen nan sun ƙone maka ɗaki, sun tsare ka cikin waya kamar akuya, sun watso ka gida da leda. Amma da anka ce zaɓi tsakanin abin da zai zamna nan da abin da ya yi kama da can, can kaz zaɓa. Ni abin da ya hi yi min ciwo ke nan, ba injin ba."

Ta ɗauki faifanta ta shiga ɗaki.

Ya ƙara wata guda a wurin yana tayar da madara. Baba Anas ya zo sau biyu, ya tsaya bakin ƙofa ya ga layin masu shayi, ya ɗaga masa hannu ya juya. Da ruwan farko ya sauka, Tsoho ya miƙa wa Sadiƙ makulli, ya tafi Ɗan Isa inda gonar mahaifinsu take a hannun yayansa, ya karɓi gefe guda. Hannun da ya shekara goma sha biyu bai riƙe fartanya ba ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Sati-sati yake leƙowa Ƙaura, kuma in ya shigo ba ya bi ta tasha.

Bayan an yanke dawa sai ga motar Alhaji har bakin gona. Suka gaisa, Alhaji ya yi masa ƙorafin gudun zumunci, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Zai buɗe reshe a Zurmi. Ɗanasabe ya sake kawo injuna biyu, kuma ba wanda ya san cikinsu sai Tsoho.

"Ba sai mai rai ba," in ji Alhaji. "Ko mataccen na, in dai tukunya ba ta yoyo kuma yana huci, ya wadatar. Shi dai shi yi girma, shi yi kyawun gani."

Tsoho ya dubi damman da bai gama ɗaurewa ba. Ya wanke hannu ya shiga mota.

A siton Ɗanasabe ya duba su da kyau, kamar yadda ya iya. Ɗaya madaidaici ne mai baki guda, komai nasa lafiya, har famfon na juyawa sumul. Ɗayan ƙato ne mai baki uku, famfonsa ya daɗe da mutuwa, bututunsa duk sun toshe, amma tukunyarsa garau take, kuma ta ninka ta ɗayan. Ya sa aka cika ta da ruwa, ya bi kowace gaɓa da yatsa, bai ji danshi ba.

"Wanga," ya ce. "Zai ba ku tururi tun sahe har dare. A canza mishi robar murhi, a riƙa wanke shi da lemun tsami duk Juma'a. Zai shekara goma."

"Mai lahiyar hwa?" in ji Ɗanasabe. "Ko shi ba ku so?"

"Ba shi da aiki wurinmu," in ji Alhaji.

Aka ɗora ƙaton a bayan mota, wani lebura ya hau ya riƙe shi. Tsoho ya zauna gaba. Alhaji ya yi ta lissafa masa garuruwan da yake son kai shayin Libiya, yana cewa duk albarkacinsa ne, shi kuwa yana amsawa da "to" da "madalla". A mararrabar Ɗan Isa ya ce a sauke shi. Alhaji ya ce ya bari su ƙarasa Ƙaura ya sha ko kofi ɗaya, ya ga yadda wurin ya koma. Tsoho ya ce wata rana, yau akwai dawa a ƙasa kuma shanun makiyaya sun fara matsowa. Ya sauka, ya jira motar ta wuce, ya tsallaka titi ya kama hanyar gona.